Tsadar Sufuri a Abuja: Ko Ƙaramin Babur Mai Silinda Ɗaya Zai Fid da Ma'aikaci Kunya?

ABUJA — Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Nyanya ko a mashigar Kubwa da misalin ƙarfe shida da rabi na safe a ranar aiki, ba sai an yi masa dogon bayani ba game da halin da ƙananan ma'aikata ke ciki a Babban Birnin Tarayya. Jama'a ce maƙil a gefen hanya, maza da mata, wasu da jakunkunan ofis, wasu da kwanon abinci, kowa na ɗaga hannu yana neman motar da za ta rage masa hanya. Wadda ta tsaya kuwa, kafin direba ya gama faɗin inda ya nufa an cika ta, huɗu a baya, biyu a gaba. Wanda ya rasa sai ya koma gefe ya ci gaba da duba agogo.

A da, wannan wahala ta jiki ce da ta ɓata lokaci. Amma tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, sai ta koma ta aljihu. Litar man da gidajen Kamfanin Mai na Ƙasa, wato NNPC, ke sayarwa ƙasa da naira 200 a Abuja, ta tashi zuwa naira 537 cikin 'yan kwanaki, ta koma 617 a watan Yuli na wannan shekara, ta kai 897 a watan Satumba na 2024, sannan ta haura naira dubu a watan Oktoba. Ko da yake farashin ya ɗan sassauta a 2025 sakamakon gasar da matatar Dangote ta kawo, bai koma ko kusa da inda ya baro ba. A ɗaya ɓangaren kuma, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne.

Wannan ne ya sa magidanta da dama suka jingine motocinsu a gida suka lulluɓe su da tamfal, wasu kuma suka mayar da su na ɗaukar fasinja a hanyar zuwa ofis don su sami na mai. Haka nan shi ya sa tambayar da a baya ma'aikacin Abuja ke jin kunyar yi ta fara fitowa fili: shin ba gara mutum ya sayi babur ba? In kuwa zai saya, wane iri?

Birnin da aka tsara don mota

Kafin amsa wannan tambaya, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi nisa ya shiga tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa. Gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da dokar soja mai lamba 6 a watan Fabrairu na 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga watan Disamba na 1991 a zamanin Janar Ibrahim Babangida. An shimfiɗa wa birnin manyan tituna masu faɗi, aka ware unguwannin zama daban, ofisoshi daban. Sai dai kuɗin haya a Maitama da Asokoro da Wuse da Garki ya fi ƙarfin mai matsakaicin albashi tun da wuri, kuma lamarin ya ƙara tsanani bayan da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa tsabar kuɗi a 2003, ta kuma sayar da gidajen gwamnati a shekarun da suka biyo baya. Wanda bai sami gida ba sai ya nausa Kubwa ko Dutsen Alhaji ko Lugbe ko Kuje ko Gwagwalada, wasu ma suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja a Jihar Neja.

Hanyoyin sufurin jama'a kuwa ba su bi sawun wannan ƙaura ba. An hana ƙananan motocin haya da ake kira araba shiga tsakiyar birni a 2013. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a watan Yuli na 2018 ya tsaya aiki a lokacin annobar korona, sai a watan Mayu na 2024 aka farfaɗo da shi; kuma layinsa ya bi ta Idu ne zuwa filin jirgin sama da Kubwa, bai leƙa ɓangaren Nyanya da Karu ba, inda cunkoso ya fi muni. Bugu da ƙari, ga fargabar 'yan fashin nan da ke shigar masu motar haya su ɗauki fasinja su yi masa ƙarƙaf, abin da ya sa mutane da yawa ke shiga motar da ba su sani ba zuciyarsu na ɗar-ɗar.

Daga Udoji zuwa achaba

Babur ba baƙo ba ne a wajen ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan. Dattawa na tuna shekarar 1975, lokacin da aka biya ƙarin albashin da kwamitin Cif Jerome Udoji ya ba da shawara, yadda malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti suka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha da Bespa. A wancan zamani hawa babur alama ce ta rufin asiri. Abin ya fara sauyawa ne bayan shirin tayar da komaɗar tattalin arziki na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, motocin haya suka yi ƙaranci, matasa marasa aiki suka shiga ɗaukar fasinja a kan babur. Daga nan sana'ar achaba ta kafu. Zuwan baburan ƙasar Sin masu araha, musamman Jincheng, sannan na Indiya irin su Bajaj Boxer da TVS, ya ƙara bunƙasa ta, har ta kai ga a idon mutane da yawa duk wanda ke kan babur ɗan achaba ne. Da haka martabar babur ta zube a wajen mai sanye da babbar riga ko kwat.

To, amma masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Akwai wani nau'in babur da ya dace da wanda ke neman abin hawa na kansa, ba na haya ba, wato wanda Turawa ke kira kuruza.

Wane ne kuruza?

Asalin wannan ƙira daga Amurka take, inda kamfanoni irin su Harley-Davidson, wanda aka kafa a 1903, suka shahara da manyan babura masu silinda biyu. Alamominsa a bayyane suke: kujera ƙasa-ƙasa, hannuwa masu faɗi da suka tanƙwaro wajen mahayi, wurin ɗora ƙafa ya ɗan matsa gaba, ta yadda mutum zai zauna a miƙe kamar yana kan kujerar falo, ba a duƙe ba irin na masu tsere. Sai dai waɗancan na Amurka manya ne, nauyin da yawansu ya haura kilo 250, suna shan mai kusan kamar ƙaramar mota, farashinsu kuma sai wane da wane.

Kamfanonin Japan ne suka ɗauki wannan siffa suka ɗora a kan ƙaramin inji. Misalin da ya fi shahara shi ne Suzuki GN125, wanda ya fito a farkon shekarun 1980, daga baya kuma kamfanonin ƙasar Sin, ciki har da Haojue, suka ci gaba da ƙera irinsa. A Indiya akwai Bajaj Avenger, sai kuma Meteor 350 na kamfanin Royal Enfield ga mai ɗan ƙarfin aljihu. Dukkansu silinda ɗaya gare su. Silinda ita ce kurtun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa idan mai ya ƙone, kuma da girman cikinta ake auna ƙarfin inji. Shi ne ake ji ana cewa cc 100 ko cc 125 ko cc 150. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na tsakanin cc 125 zuwa 220, wanda nauyinsa ke farawa daga ɗan sama da kilo 100 zuwa wajen kilo 160.

Dalili na farko: lissafin mai

Bari mu ɗauki misali mu buga lissafi, kowa kuma ya sauya alƙaluman su dace da halinsa. A ce ma'aikaci yana zaune a cikin Kubwa yana aiki a Sakatariyar Tarayya, kuma zuwa da dawowa, haɗe da 'yan tsaye-tsaye, yana cin kilomita 60 a rana. A kwanakin aiki 22 ya yi tafiyar kilomita 1,320 ke nan. In motarsa tana cin kilomita 11 a lita ɗaya, wanda shi ne abin da tsohuwar ƙaramar mota kan yi a cikin cunkoso, yana buƙatar lita 120 a wata. In aka ƙaddara lita a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi, ya kashe naira 120,000. Babur mai cc 125 da ke da lafiya kuwa yakan ci kilomita 40 ko fiye a lita. Lita 33 ta ishe shi, wato naira 33,000. Bambancin shi ne naira 87,000 a wata, abin da ya zarce mafi ƙarancin albashi. A shekara ya haura naira miliyan ɗaya.

Tun bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, ta faɗo daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, farashin babur ya yi tashin gwauron zabi, har sababbi suka haura naira miliyan ɗaya, domin kuwa ko dai shigo da su ake yi, ko a shigo da sassansu a harhaɗa a nan. Duk da haka, in aka ƙaddara mutum ya saya a kan naira miliyan ɗaya da rabi, rarar man kaɗai za ta mayar masa da kuɗinsa cikin kimanin wata 18.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da dillali ba zai faɗa wa mai saye ba. Wannan lissafi na mai mota ne. Wanda dama motar haya yake shiga, ribarsa ta kuɗi ba ta kai haka ba. In a ce yana kashe naira 2,500 a rana, wato 55,000 a wata, ya koma babur yana kashe 33,000 a mai da kuma wajen 7,000 a baƙin mai da ƙananan gyare-gyare, rararsa naira 15,000 ce kacal, kuma zai shekara takwas bai mayar da uwar kuɗi ba. Saboda haka ribar wannan mutum ba a aljihu take ba, a lokaci take da 'yancin kai. Waɗanda lissafin ya fi yi wa daɗi su ne mai motar da mai ya gagara, da kuma mai zirga-zirga da yawa a cikin garuruwan kewaye, kamar malamin makaranta a Gwagwalada, ko mai gyaran wuta da famfo a Kubwa, ko ɗan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Dei-Dei da Zuba, wanda ke biyan achaba da Keke sau biyar ko shida a wuni.

Dalili na biyu: sauƙin gyara

Inji mai silinda ɗaya fistin ɗaya gare shi, galibi kuma fulogi ɗaya da kafireta ɗaya. Galibinsu iska ce ke sanyaya su, don haka babu lagireto, babu zancen zuba ruwa ko tafasar inji. Baƙin man da yake sha a kowane juyi bai wuce wajen lita ɗaya ba, alhali mota na buƙatar kimanin lita huɗu. Tayoyi biyu ne maimakon huɗu. Abin da ya yi ƙaranci a jikin inji, shi ne kuma ya yi ƙaranci a cikin abin da zai lalace.

Muhimmin abu kuma shi ne, yawancin waɗannan ƙananan injuna dangin juna ne. Tun da kamfanin Honda ya fito da CG125 a tsakiyar shekarun 1970, wanda aka ƙera musamman don ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau kuma masu babura ba su cika kula da juyen mai ba, kamfanoni da dama suka kwaikwayi tsarinsa. Sakamakon haka, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya a Karu ko Bwari ya san cikin injin kamar yunwar cikinsa, kayan gyara kuma suna samuwa daga kasuwar Nkwo ta Nnewi zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, har shagunan Zuba da Apo. Yawan 'yan achaba, wanda ya zubar wa babur da martaba, shi ne kuma ya samar masa da makanikai da kayan gyara a kowane lungu. Babban babur mai silinda biyu ko huɗu kuwa, in wani abu ya lalace, sai an yi odar kaya daga waje da dala, babur ya yi watanni a jingine.

Abin lura guda: a nemi inji mai bugu huɗu, wanda fetur da baƙin mai ke zaune daban-daban. Tsofaffin masu bugu biyu, waɗanda ke ƙona mai na musamman tare da fetur, sun fi shan mai, sun fi hayaƙi.

Dalili na uku: nauyi da zama

Wanda ya kai shekara arba'in bai taɓa riƙe babur ba, babban abin da yake tsoro shi ne faɗuwa. A nan ne ƙirar kuruza ta yi fice. Tsayin kujerarsa daga ƙasa bai cika wuce santimita 75 ba, don haka mai matsakaicin tsawo zai dire ƙafafunsa biyu a ƙasa in ya tsaya a danja. Nauyin injin yana ƙasa-ƙasa, babur ba ya rinjayar mai shi, kuma in ya kife mutum ɗaya zai iya ɗaga shi. Ana iya tura shi a shigar da shi soro ko tsakar gida, abin da ke da muhimmanci ga mai zaman haya a gidan da ba shi da wurin ajiye mota. Zaman miƙe kuma yana rage ciwon baya da na wuyan hannu a tafiyar rabin sa'a ko fiye. Ƙarfin injin bai kai na ruɗar da mai koyo ba. Ko an murɗa da ƙarfi ba zai zabura ya watsar da mutum ba.

Dalili na huɗu: lokaci da kadara

Masana tattalin arziki na cewa lokaci ma kuɗi ne, sai dai ba a ganin rasiɗinsa. Ma'aikacin da ke ɓata sa'a guda a jiran mota da safe, wata sa'ar da yamma, ya yi asarar sa'o'i 44 a wata, wato fiye da makon aiki guda. Mai babur shi ke yanke wa kansa lokacin fita. Yana iya kai yaro makaranta, ya biya kasuwa, ya halarci jana'iza ko ɗaurin aure ya dawo bakin aiki.

Haka zalika babur kadara ce mai saurin sayuwa. A lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Disamba na 2024 suka nuna, kuɗin da ke kwance a asusu narkewa yake yi, alhali wanda ya sayi babur kafin faɗuwar naira ya wayi gari darajarsa a naira ta ƙaru. Wannan ba hujja ba ce ta ɗaukar babur a matsayin hannun jari, domin yana tsufa kamar kowane inji. Amma in buƙata ta taso, ya fi mota saurin samun mai saye.

Inda gizo ke saƙa

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babbar matsalar mai babur a Abuja ita ce doka. Tun ranar 1 ga watan Oktoba na 2006, a zamanin ministancin Malam Nasir El-Rufai, aka haramta achaba a cikin ƙwaryar birnin, aka bar ta a garuruwan kewaye. Ministocin da suka biyo baya sun ci gaba da aiwatar da haramcin, kuma a 2023, bayan Mista Nyesom Wike ya kama aiki, an murƙushe ɗaruruwan baburan da aka kama a bainar jama'a. Ba Abuja kaɗai ba: Kano ta hana achaba a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, Legas ta tsaurara nata haramcin a 2020 da 2022, kuma a watan Yuli na 2022, bayan harin gidan yarin Kuje, gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a ƙasa baki ɗaya saboda yadda 'yan bindiga ke amfani da su, ko da yake ba a kai ga aiwatarwa ba.

Haramcin Abuja a kan na haya yake, shi ya sa ake ganin baburan kamfanonin kai saƙo masu akwati a baya suna kai-komo a Wuse da Garki. Amma jami'in da ke bakin hanya ba ya karanta zuciyar mutum. Abin da ya gani da ido da abin da takarda ta nuna su ne hujjarsa. A nan ƙirar kuruza na da ɗan amfani, domin kujerarsa mai hawa biyu da siffarsa sun bambanta da doguwar shimfiɗaɗɗiyar kujerar baburan achaba. Sai dai kamanni ba lasisi ba ne. Duk mai niyyar shiga cikin birni da babur, wajibi ne kafin ya biya ko kwabo ya je ofishin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa, wato VIO, da ke Mabushi, ya ji sharuɗɗan rajistar babur na kai da kuma titunan da aka amince masa ya bi. Ya mallaki lamba, da lasisin tuƙi na rukunin A, da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda Hukumar Inshora ta Ƙasa ta ƙayyade a kan naira 3,000 a shekara ga babura daga watan Janairu na 2023. Ya kuma guji ɗaukar wanda bai sani ba, ko da don Allah ne, domin wannan taimako na iya jawo masa asarar babur.

Rai ya fi dukiya

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutane miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a. Mai mota yana da ƙarfe a kewaye da shi. Mai babur jikinsa ne bodi. Titunan Abuja kuwa, saboda faɗinsu da santsinsu, suna kiran direba ga gudu. Ƙaramin babur mai cc 125 da wuya ya wuce kilomita 90 zuwa 100 a sa'a, kuma a wannan gudu injin silinda ɗaya na girgiza hannu da ƙafa. A babban titin Kubwa ko na filin jirgin sama, ko a gangaren Kugbo inda manyan motoci ke sauka, ba shi da ƙarfin da zai tsere wa haɗari. Wanda dole sai ya bi irin waɗannan hanyoyi, gara ya ƙara kuɗi ya nemi mai cc 150 zuwa 220, mai birkin faranti a gaba, ya riƙe hannun da ya dace, ya kunna fitila ko da rana ne.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga watan Janairu na 2009, amma har yanzu da yawa na ɗora ta ne kawai don gudun kamu. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba, ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Ya kamata kuɗin hula mai inganci da safar hannu da rufaffen takalmi da riga mai ƙyalli su shiga cikin farashin babur tun farko. Mai babbar riga kuma ya naɗe ta sosai, domin sarƙa da waya ba su san girman mutum ba.

Akwai kuma ƙananan illoli. Daminar Abuja doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwa kuma kan sauko ba sallama. Da hunturu ga hazo da ƙura. Kasancewar kuruza ƙasa-ƙasa yake, cikinsa na iya bugun dutse a lungunan da ba kwalta, don haka wanda gidansa ke can cikin unguwar da zaizayar ƙasa ta cinye hanyarta, babur mai tsayi zai fi masa. Sannan ga ɓarayi. Babur mara nauyi da sauƙin ɗauka yake, sai an haɗa masa da sarƙa da kwaɗo.

Kafin a miƙa kuɗi

Araha ba ta ado. Mai saye ya fara zuwa wajen bakanike kafin ya je wajen dillali, ya tambaye shi wane babur ne kayansa ke samuwa a unguwa. Ya karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar inji da lambar jiki, ya duba su da idonsa sun yi daidai. In na hannu ne, kada ya saya sai da takardun asali da shaidu, domin baburan sata na yawo a kasuwa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ne zai yi bayani.

Game da hanyar biya kuma, a yi hattara da bashin banki. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, kuma bankunan kasuwanci sama da haka suke ba da rance. Bashin da ruwansa ya kai haka yana iya cinye rarar man da aka yi lissafi a kanta. Adashi da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu, waɗanda ke cire kuɗi kaɗan-kaɗan daga albashi, sun fi sauƙi. Tsarin biya a hankali da wasu dillalai ke yi kuwa, a tara jimillar abin da za a biya a kwatanta da farashin lakadan kafin a sa hannu.

Abin da ya rage ga hukuma

Babur ba zai maye gurbin bas da jirgin ƙasa ba. Birni mai miliyoyin jama'a ba zai dogara ga ƙafa biyu ba, kuma maganin dindindin shi ne wadatattun manyan motocin haya da miƙa layin dogo zuwa Nyanya da Mararaba. Amma kafin a kai ga haka, akwai abin da Hukumar Babban Birnin Tarayya za ta iya yi ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba: ta bayyana wa jama'a dalla-dalla, cikin harsunan da suke ji, bambancin babur na haya da na kai, ta sauƙaƙa rajista, ta ware wurin ajiye babura a sakatariya da kasuwanni, ta kuma haɗa kai da Hukumar Kiyaye Haɗurra a buɗe wuraren koyar da tuƙi. Masu harhaɗa babura a cikin gida, irin su kamfanin Honda da ke Ota a Jihar Ogun, su ma suna da kasuwar da ke jiransu in suka waiwayi ma'aikaci, ba ɗan achaba kaɗai ba.

Ga shi ma'aikacin kuwa, shawarar ba ta wuce ya ɗauki biro da takarda ba. Ya rubuta nisan hanyarsa, da abin da yake kashewa a wata, da irin titin da zai bi, da abin da VIO ta faɗa masa. In lissafi ya fita, kada kunyar idon jama'a ta hana shi. Iyayenmu sun hau Honda sun je ofis, ba su ragu da komai ba. In kuwa bai fita ba, ya haƙura ya ci gaba da bin layi, domin rai da lafiya sun fi rarar mai.